Daminar da Badafi Ta Ɓace a Kwamfuta

Bana ruwa ya makara, da ya tashi zuwa kuma ya zo da fushi. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a zaure ina kallon 'yar masarar da na shuka a bayan gida, ganyenta ya fara komawa ruwan ɗorawa yana neman taki, sai na jiyo 'yata Zainab tana waya a tsakar gida, murya a sama. Hutu ta zo daga Kano, aiki ya biyo ta. Wai a wurin aikinsu wani ya goge sunayen ma'aikata a babbar na'ura ɗaya, kafin ka ce kwabo sauran na'urorin da ke kwafar juna duk sun goge nasu, an dawo da ajiya kuma abin ya sake ɓacewa. Na leƙa na ce, "Ku tsayar da sauran tukuna." Ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce, "Baba, don Allah, wannan ba irin naku na da ba ne." Na ce to. Na koma na zauna ina dariya ni kaɗai, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta ƙofa, sai ga ni a Bebeji a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin wahalar man fetur.

A wancan zamani ni ne mai kula da kwamfuta a wata ƙungiyar manoma da makiyaya mai rassa huɗu, Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Wasu masu ba da tallafi ne suka kawo mana kwamfutocin, kowane reshe guda, irin masu ƙeyar nan da sai mutum biyu sun kama. Abu ɗaya ne a cikinsu, kundin sunayen 'yan ƙungiya, kowa da unguwarsa da gonarsa, da shanunsa in yana da su. Wanda sunansa ke ciki ya sami taki da damina, a yi wa shanunsa allura da rani. Wanda ba ya ciki kuwa, ko shi ya haifi shugaban ƙungiya sai dai ya yi kallo.

Injiniyan da ya haɗa mana su ya tsara abin ta yadda kowace kwamfuta tana riƙe da sunayen rassan duka huɗu, don in ɗaya ta mutu sauran su tashe ta. Babu waya tsakaninmu. Wayarmu ita ce Buba, wani dogon Bafulatani daga wajen Doguwa, mai babur ɗin da ake jin kukansa tun daga bakin gari. Duk mako yakan zagaya rassan da faifan fulofi a naɗe cikin leda a aljihun gaba. In ya iso a sa faifan, kwamfuta ta karanta abin da ya canza a wurin 'yan'uwanta ta gyara nata, ita ma ta rubuta nata labarin a kai, Buba ya sha ruwa ya wuce. Abin da yake yi a mako shi na'urorin su Zainab ke yi a ƙiftawar ido, bambancin ke nan. In magana biyu ta ci karo a kan suna ɗaya kuwa, dokar mai sauƙi ce, wadda ta zo daga baya ita ce magana. Injiniya ya maimaita mana wannan har muka gaji da ji, sannan ya hau motarsa, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Ya kuma ce kowace shekara a kwashe kundin duka a faya-fayai daban, a ajiye nesa da ofis. Nakan yi haka bayan kaka. Wurin ajiyar ne ya ba ni wahala, don ofishinmu yana yoyo, ga ɓeraye, ga gara. Na duba duk Bebeji ban ga inda ya kai kwallar matata Hauwa tsaro ba. Jeren kwallarta ta aure yana ƙuryar ɗaki, babu mai taɓawa, ko ƙuda ya sauka a kai sai ya yi bayani. Na roƙe ta aron ta can ƙasa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, mazan mutane atamfa suke zuba wa matansu a kwalla, kai baƙaƙen robobi ka kawo mini?" Amma ta karɓa, ta naɗe su a tsohon ɗankwali ta rufe.

Shekarar ta zo mana da nauyi tun daga bazara. Zafi ya yi zafi har kwanon rufin ofis yana ƙara shi kaɗai, kwamfuta sai mun rataya jiƙaƙƙen buhu a taga kafin ta yarda ta yi aiki. A cikin wannan zafin mahaifinmu ya kwanta a gida, a Badafi ta ƙasar Kiru, bai tashi ba. Gandu ya koma hannun yayana Sale, mahaifiyarmu Inna ta shiga takaba. Hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa, a fito da fartanya a mayar. Aka yi shukar fari ta ƙone, aka sake, wasu har da hatsin da suka ware don ci. Kafin ruwa ya zauna rumbuna sun yi ƙasa. A gidana Hauwa ta mayar da tuwo sau ɗaya a yini, da rana sai kwaɗon rama ko na tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, yara su ɗora ruwa a kai. Zainab tana goye a lokacin. Tun daga bakin zaure nakan bambance kukan rigima da kukan yunwa. A Badafi abin ya fi haka. Inna takan aiko a ce mini lafiya lau suke, kada in damu, wanda ya kawo saƙon kuma ka ga wuyansa ya yi tsawo.

Duk da haka masara ta tashi, ta kai gwiwa, aka yi mata noman fari. Sai ganye ya fara canza launi. Kowa ya san abin da take nema. Taki a kasuwa kuwa sai dai ka gaishe shi ka wuce. Idon kowa yana kan motocin ƙungiya, masu kawo takin kuma suka aiko da sharaɗi, ba za su ɗora buhu ko ɗaya ba sai rassan huɗu sun buga kundi iri ɗaya, shugabannin rassa sun sa hannu. Masara ba ta san jira ba. In lokacinta ya wuce, ko mota guda ka juye mata kara za ka girba.

Ranar da na tayar da janareta don buga namu, firinta tana ta kuka tana aman takarda, ina bin garuruwan Kiru da yatsa. A jerinmu Badafi ce ke bin Yako. Na wuce Yako, sai na ga an shiga wani gari. Na koma baya na sake bi. Na nemi sunan gidanmu a kwamfuta, ta ce ba ta san shi ba. Na nemi na mai unguwa, na liman, na mai shayin bakin kasuwa. Babu. Badafi gaba ɗayanta, da manomanta da rugagen da ke kewaye da ita, kamar ba a taɓa yin ta ba.

Mai kula da kwamfutar Kiru shi ne Malam Idi, tsohon hedimasta, wanda ya koya mini karatu a firamare. Na hau bayan Buba muka je, bai kuwa ɓoye komai ba. Ya ce kwanakin baya janaretansu ya yi tari ana tsakiyar aiki, sashen Badafi ya dagule, sunaye suka koma wasu 'yan zane-zane.

"Sai na ce bari in share ruɓaɓɓen, in Buba ya zagayo in ɗebi mai kyau daga wurinku. Ai haka ake yi wa rumbu, Habu."

Haka ake yi wa rumbu kam. Sai dai kwamfuta ba ta ɗauki abin a matsayin shara ba, sabon labari ta ɗauke shi. Ta rubuta a faifan Buba cewa an cire Badafi, Buba ya zagaya da shi cikin amana, kowace ta karanta ta yi biyayya. Da na yi masa wannan bayani Malam Idi ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin kansa babu hula ba sai ran nan, tausayinsa ya kama ni fiye da haushi.

Washegari da sassafe Yaya Sale ya iso Bebeji a keke, taɓo har gwiwa. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

"Habu, da gaske ne an ce kun goge mu?"

"Yaya, kuskure aka samu, za a gyara."

"Kuskure. Duk garuruwan duniya kuskuren bai ga kowa ba sai garin ubanka? Jiya a masallaci cewa ake ɗan gidan Malam Musa ya yi boko ya share garinsu. Inna ko abinci ba ta ci ba." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Abar nan in ba ta dawo da mu ba, baɗi ma ganye za mu ci. Ka san abin da ya rage a rumbu."

Na sani sarai. Na bar shi a ofis na nufi gida na ce wa Hauwa a buɗe kwalla. Ta riƙa sauke na sama ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Ashe dai robobin suna da rana." Faya-fayan suna nan garau, har da ƙanshin turaren wuta. Na koma na loda su, kwamfuta tana ƙugi, ni ina karanta duk addu'ar da na iya. Da ta gama na nemi Badafi, sai ga ta, suna bayan suna. Na yi kabbara har telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo da almakashi a hannu. Yaya Sale ya ɗan saki fuska, ya hau kekensa ya tafi kai albishir.

To, mu mutane ne masu jaje. In rumbunka ya ƙone maƙwabta ba sa zuwa hannu rabbana, kowa da ɗan damin da zai zuba maka. Labari ya isa Tudun Wada cewa kwamfutar Bebeji ta yi asarar sunaye. Sai ga Alhaji Mamman, shugaban reshen can, cikin babbar riga, ya zo jaje da 'yan rakiya. Bayan gaisuwa ya zaro faifai daga aljihu.

"Ga gudummawarmu, Malam Habu. Namu kundin cikakke ne, ku ɗebi abin da kuka rasa."

Shi bai taɓa neman Badafi a tasu kwamfutar ba, me zai kai shi? Ni na san babu ita a can, amma na ce a raina wanda ba shi da abu ai ba zai ƙwace naka ba, bari in sa don girman baƙo. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na sa. Kwamfuta ta yi 'yar ƙararta. Na ce wa baƙi su matso in nuna musu Badafin da ta dawo. Suka matso. Babu Badafi.

Bayan sun tafi jiki a sanyaye, na zauna na buɗe faifan Alhaji ina bin abin da ke ciki layi-layi, ruwa yana ɗiga a bokiti kusa da ƙafata. A nan na gane. Ba rashin Badafi kawai faifan ya ɗauko ba, umarnin cire ta ya ɗauko, da kwanan watansa na damina. Ajiyata kuwa ta kaka ce. A wurin kwamfuta sunayen da na dawo da su tsohuwar magana ce, sharewar Malam Idi ita ce ta zo daga baya. Ko sau nawa na dawo da su, duk faifan da ya shigo daga wani reshe sai ya sake kashe su. Mafita ɗaya ce. A tsayar da zagaye cak, kada wata kwamfuta ta ji daga wata. A dawo da ajiya. Sannan a buɗe kowane suna na Badafi a sake tabbatar da shi, ya sami kwanan wata na yau, ya zama shi ne ƙarshen magana. Sai an gama wannan za a kai wa sauran.

Na sake lodawa, Badafi ta sake dawowa. Na tura Buba babu faifai ya gaya wa rassa kada kowa ya karɓi na kowa. Sai dai sun yi saɓani a hanya da Ardo Jibo.

Ardo Jibo shi ne shugaban reshen Doguwa, baffan Buba ne, dattijo siriri mai sanda, wanda in ya fara magana a taro ko tari ba a yi. Tun daga Doguwa ya hau bayan motar itace, ruwa ya dake shi a dajin Falgore. Ya iso da azahar rigarsa tana ɗiga, ƙwaryar man shanu a hannu, faifai kuma a ƙulle a bakin rawani. Aka shimfiɗa tabarma aka gaisa, ya tambayi iyali, ya yi mini ta'aziyyar mahaifina. Sannan ya kwance bakin rawani ya miƙo.

"Mun ji abin da ya same ku. Ga namu."

Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na zura a aljihu. Ya dubi aljihun, ya dubi kwamfutar.

"Sa mana, yaro, in gani da idona, in koma in ce wa jama'a an karɓa."

Ofis ya cika da mutane har taga. A gidanmu ba a koya mini mayar da hannun babba ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Na sauko daga kujera na durƙusa a gabansa.

"Baffa, ka yi mini rai. Ba zan sa ba."

Wani a taga ya ce, "Subhanallahi."

"Ba za ka sa ba," in ji Ardo a hankali.

"Alherinka ya iso, Baffa, Allah ya saka. Amma akwai cuta a cikin faifan, ba ku kuka sa ta ba, ba ku ma san da ita ba. In ya shiga Badafi za ta sake fita. Ai ko kyauta aka ba ka saniya mai ciwo, ba ka haɗa ta da garke sai ta warke."

"Yau ni za a koya wa garke." Ya dogara sanda ya miƙe. "Na keto daji da ruwa na kawo alheri, an ce cuta na kawo. Madalla."

Ya fita ko ruwa bai sha ba. Man shanun ya bar shi a kan tabarma, don shi ba ya komawa da kyauta ko an mayar masa da wata. Mutane suka watse suna girgiza kai, tela ya ce bai taɓa zaton haka nake ba. Ni kuwa ina durƙushe inda nake, abu ɗaya ke yawo a kaina, sai da sa hannun dattijon nan motoci za su taso.

Amma Badafi tana nan a kwamfuta, aiki kuma yana gaba. Ajiyar ta kaka ce, wanda ya rasu tun lokacin yana ciki da ransa, wanda ya yi aure ya ware gonarsa ba ya ciki. Tunda dole a buɗe kowane suna, na ce a buɗe shi a gaban mai shi. Muka ɗora kwamfuta da janareta a bayan a-kori-kura muka nufi Badafi, an naɗe ta da bargo da tamfol, Malam Idi ya rungume ƙeyarta duk tsawon hanya. Kafin mu shiga gari motar ta kafe a taɓo. Magidantan Badafi suka fito daga gonaki suka ɗauki kayan a ka, suna tafe suna yi mini tsiya, wai ga akwatin da ya cinye su sun goya shi. Fetur babu a gidan mai, 'yan bumburutu sun ɓoye nasu. 'Yan acaɓan garin suka jeru, kowa ya zuƙo kwalba guda daga tankinsa ya juye a janareta. Mata suka aiko da kwaɗon zogale a akushi, na san kuma daga bakin yaransu suka rage.

A ajin makarantar firamare muka kafa. Ni ina gaban kwamfuta, Malam Idi yana kira da muryarsa ta hedimasta, wadda ta tsufa amma ba ta rage kaifi ba. A kira suna, mai shi ya ce na'am, in tambaye shi gona, in danna, sunan ya sami sabon kwanan wata. Da farko fuskoki a ɗaure suke. Da aka yi nisa sai aka fara raha. Wani tsoho ya ce tunda na zo da kaina in ƙara masa fadama, aji duka ya ɗauka, "Ƙarya yake, ko rijiya ba shi da ita!" Wata Bafulatana ta amsa sunan mijinta da ya tafi da shanu, ta tsaya sai da na juya mata allon ta ga inda yake, ko da ba ta karatu. Wani lokaci kuma Malam Idi ya kira suna ba mai amsawa, sai wani daga baya ya ce, "Ya riga mu gidan gaskiya, da azumi." A ɗaga hannu a yi masa addu'a, a sa magajinsa.

Na san sunan Baba yana tafe, sanin kuwa bai rage komai ba. Malam Idi ya buɗe baki ya rufe, ya dube ni. Ga shi nan a allo, Musa Badafi, manomi, gandu a bakin rafi, masara da dawa. Ni na rubuta shi tun farko, yana zaune kusa da ni yana tsokanata wai anya akwatin nan zai gane shi in ya gan shi a kasuwa. Na yi kuka a gaban garinmu duka, ban ɓoye ba. Yaya Sale ya ratso mutane ya dafa kafaɗata.

"Rubuta, Habu. Masara na jira."

Na cire sunan Baba na rubuta na Yaya Sale. Muka ci gaba har la'asar sakaliya, fetur ya ƙare daidai da mutanen rugar ƙarshe.

Daga nan sai kai wa rassa. Kiru ta karɓa, Malam Idi ya nemi Badafi ya gan ta, ya yi hamdala har da sujada. A Tudun Wada Alhaji Mamman ya yi ta dariya yana cewa daga yau in zai zo jaje goro kawai zai riƙo. Doguwa ce ta rage. Na hau bayan Buba, wanda tun abin da ya faru da baffansa gaisuwa kawai ke haɗa mu. Faifan yana cikin leda a cikin hulata, a bayana kuma ƙwaryar Ardo, Hauwa ta wanke ta ta cika da daddawa, don ba a mayar da ƙwarya babu komai. Ruwa ya kama mu tun kafin daji. Wani rafi ya kawo har ƙugu, muka ɗaga babur muka haye, ni hannu ɗaya a kan hula. Ƙasar can ja ce mai santsi, duwatsu sun lulluɓe da hazo, masararsu ma ta fara irin launin tamu.

Ba mu sami Ardo a ofis ba, sai a ruga, yana zaune a bakin bukka yana kallon maruƙa. Ya amsa sallama a daƙile. Na durƙusa na ajiye ƙwaryar a gabansa, na ciro faifan na ɗora a kai.

"Baffa, rannan kai ka kawo mana gudummawa, yau mu muka kawo. Wannan lafiyayye ne. In ka mayar mini ka rama, ba ni da ta cewa. Sai dai mutanen Badafi ba su yi maka komai ba."

Ya dube ni, ruwa yana zuba daga gemuna. Ya buɗe ƙwaryar ya shinshina ya rufe.

"Kai ka iya mayar da hannun mutum," in ji shi. "Ni ban iya ba."

Ya ɗauki sanda muka bi shi har ofis. Da hannunsa ya zura faifan. Ya ce a nuna masa Badafi, aka nuna. Ya ce a karanta masa na rugage, aka karanta, har aka zo kan wani surukinsa, ya gyaɗa kai. Aka buga kundi ya sa hannu da ajami. Yana miƙo mini ya ce, "Mi yetti, na gode. Amma ka sani, yaro, har yanzu ba ka da kunya." Buba ya fashe da dariya, dariyarsa ta farko tun da muka taso.

Kundi huɗu suka zo iri ɗaya, layi bai saɓa wa layi ba. Motoci suka taso masara tana da sauran rai. Ranar da suka shigo Badafi tun daga nesa ake jin guɗa. Aka sauke a filin makaranta, aka kira suna bayan suna, kowa ya amsa ya ɗauki rabonsa, ba a tsallake gida ko ɗaya ba. Mutanen da suka ce na share garinmu su ne suka riƙa jan hannuna kowa yana cewa shi dama bai yarda da zancen ba. Ina cikin amsa gaisuwa Yaya Sale ya ɗago buhu ya ɗora mini a ka, da rigar ofis ɗina da komai, ya ce, "Malamin kwamfuta, hanyar gandu ba ta canza ba." Na tafi ina tangaɗi jama'a na ihu. A ranar muka zuba takin, gindi-gindi, muna gamawa aka saki ruwa mai laushi wanda ba ya wanke ƙasa. Na tsaya a cikinsa na ƙi neman mafaka, farin ciki ya cika ni har ban san inda zan sa kaina ba.

Da na koma bayan 'yan kwanaki masara ta yi kore shar har tana baƙi, ganye yana faɗi, in iska ta kaɗa gandun duka ya amsa. Na shiga gida gaishe da Inna. Takaba ta hana ta fita, duk abin da aka yi a bakin mutane ta ji shi. Irin matan da ce, ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ba ta kuma kiran na ɗanta na fari, Yaya Sale. Tana zaune a kan tabarma da carbi.

"An ce ranar taki an kira kowa."

"An kira kowa, Inna."

"Har wannan yaron?"

"Har shi."

"A gurbin mai gidan?"

"A gurbinsa, Inna. Da hannuna na rubuta."

Ta ci gaba da jan carbi. Sannan ta jawo akushi daga bayanta ta turo gabana.

"To, ci. Ka rame."